Bangon gidanmu na Hausare: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

An gama sauya kwanon rufi, ruwan sama ya ɗauke, yanzu hankali ya koma kan bango. Gidan yana unguwar Hausare, nan cikin Garwa, a arewacin Kamaru. Ɗakuna biyu tsohon gini ne, bulon ƙasa da marigayi Baba ya sa aka yi wa yaɓen siminti tun muna yara. Falon kuma na bulon siminti ne, daga baya aka jingina shi da su. Inna tana gidan ƙanwata har a kammala. Yaya da ke Duwala shi ke ɗauke da kaso mafi yawa na kuɗi, ni nake tsaye a kan aikin. Fatanmu Inna ta kama azumi a ɗakinta, azumi kuwa farkon Maris zai faɗo in Allah ya kai mu.

Yau ko buhun siminti ba a buɗe ba, awo kawai muka yi. Mason, wato maginin, da ya karɓi aikin dattijo ne, sa'an kawuna. Ya zo da sandar alminiyo mai tsawon mita 2 da igiya mai dalma a baki, ni na kawo alli kala biyu. Yana kara sandar a bango, a tsaye, a kwance, a karkace, ni ina leƙa bayanta. Inda haske ya ratsa tsakanin sanda da bango, rami ne, sai in zagaye shi da shuɗin alli in rubuta zurfinsa. Inda sandar ta hau ta riƙa lilo, tudu ne, a sa masa ja. Kafin La'asar falon ya cika da zane. Yawancin ramukansa milimita 6 zuwa 10 ne, ba abin tada hankali ba. Ɗakin Inna ne ya fi jin jiki: bangon gabas ya turo ciki a tsakiya, daga gefen ƙofa ya shige da kusan santimita 3, kusurwa ɗaya kuma igiyar ta nuna ta kauce tun daga sama.

Bayan awo sai ƙwanƙwasa. Da ƙotar guduma ya bi bangon kaɗan-kaɗan. Yaɓen da ke manne da gini ƙararsa gajeriya ce, a dunƙule. Wanda ya saki gini yana amsawa kamar ƙwaryar da aka kife. Wannan gwajin na fi ba muhimmanci, domin abin da yake tonawa ido ba ya ganinsa. Akwai wurin da ya yi sumul, fentinsa ko ƙwarzane babu, amma bayansa fanko ne. A tsofaffin ɗakunan kusan rabin bangon haka ya amsa.

Mun tsayar da ma'auni guda ni da maso: idan an gama, ko'ina aka kara sandar nan kada ratar ta wuce milimita 5.

Talata, 12 ga Nuwamba

Mai fenti ya zo ya duba. Shawararsa a bar maso ya huta. A sayo buhunan anduwi, farar hodar nan da ake kwaɓawa a shafe bango da ita kafin fenti, a cike ramukan, a goge da samfefa, cikin mako biyu an gama. Yaya ya ji haka ta waya, ya ce, “To me ake jira? Ai wannan ya fi sauƙi.”

Na ce, “Yaya, ka yi haƙuri ka saurare ni. Santsi daban, miƙewa daban.” Aikin anduwi shi ne rufe kaushin yashi da ƙananan ramuka, shafi ɗaya milimita 1 ko 2. Bango yake bi yadda ya same shi. In bangon a lanƙwashe yake, lanƙwasa mai santsi zai ba ka. In aka tula shi santimita 2 a rami, yana bushewa zai tsuke ya tsage. In kuma aka shafa shi a kan yaɓen da ya riga ya saki gini, ranar da yaɓen zai faɗo da shi zai faɗo, da fentin, da kuɗin, kuma gadon Inna a jikin bangon nan yake. Maganar gadon ce ta sa ya yi shiru. Can ya ce in yi abin da na ga ya dace, amma in riƙa turo masa hoto.

Ban ga laifin mai fentin ba, abin da aka saba nema a wurinsa ya kawo. Gidaje da yawa a garin nan haka ake yi musu, musamman na haya, ranar miƙa makulli kuwa suna ɗaukar ido. Sai damina ta zagayo a ga bangon ya fara kumbura.

Da yamma muka bi tsagogi. Akwai siraran nan da suka bazu a fuskar yaɓe ba su shiga ciki ba, waɗanda saurin bushewa ko yawan siminti ke kawowa. Akwai doguwa guda a tsaye, daidai inda falo ya haɗu da tsohon gini, domin gini biyu ne da ba sa motsi tare. Ta uku ce ta dame ni, wadda ta taso daga kusurwar taga ta gangara a karkace. A kwarin Binuwai akwai wuraren da ƙasarsu baƙar laka ce, da damina ta kumbura, da rani ta tsuke ta dare, ginin da ke kanta kuma ya riƙa bin ta. In tsagar tana raye, cike ta ɓarnar siminti ne. Don haka muka liƙa mata ɗan kwaɓin hodar fi'ofi, farar hodar nan da ake yin silin da ita, faɗin tafin hannu, a wuri biyu, na rubuta kwanan wata a gefe. In ginin yana motsi, alamar za ta tsage ta gaya mana.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Kankare tsohon shafi. Bangon yana ɗauke da farar ƙasa shafi a kan shafi, a samanta fentin ruwa, daga ƙasa kuma zuwa ƙugun mutum koren fentin mai. Ka goga tafin hannu ka ga ya yi fari, ka san babu abin da zai kama a wurin sai an kankare. Ana jiƙa farar ƙasar da buroshi, a jira ta sha, makankari ya ɗauke ta ba wahala.

Koren fentin ne na tsaya a kansa. Lebura ya kawo injin gurza zai kunna, na hana. Tsofaffin fentin mai da yawa akwai dalma a cikinsu, kuma sai a watan Satumban 2017 gwamnatin Kamaru ta kafa ƙa'idar cewa dalmar da ke cikin fenti kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Namu ya girmi ƙa'idar nesa ba kusa ba. Dalma tana shiga jiki ta ƙura, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa, tana taɓa ƙwaƙwalwarsu, abin da ta ɓata kuwa ba ya dawowa. Gidan nan jikokin Inna ne za su yi rarrafe a cikinsa. Saboda haka ba gurza a bushe, ba ƙonawa da wuta. Muka shimfiɗa leda a ƙasa, ana jiƙawa ana kankarewa, kowa da takunkumi, aka tattara ɓawon a buhu aka ɗaure. Yaran maƙwabta da ke taruwa kallo na roƙi iyayensu su tsare su har mu share. Lebura kuma na ce kada ya ci abinci sai ya wanke hannu da sabulu, kayan aikinsa ma a nan zai bar su.

Laraba, 20 ga Nuwamba

An sauke yaɓen da ya saki. Wasu wuraren cizal bai ma yi aiki ba, ana zura shi sai falle guda ya taho. A baya muka tarar da fuskar bulon ƙasa ta zama gari, ga hanyoyin gara sun yi reshe har kusa da rufi.

Inna ta zo dubawa da hantsi. Ta tsaya a gaban wani wuri da wani siririn shafi mai duhu ya rage a jikin bulon, ta shafa shi ta ce, “Ɗan nan, wannan ai makuba ce.” Ta ce kafin siminti ya shigo gidan, duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an jiƙa ɓawon ɗorawa, a kwaɓa ƙasa da ruwansa a yaɓe bango. Abin da na lura, shi wannan tsohon shafin har yau yana manne, na simintin da ya zo bayansa ne ya saki.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ginin ƙasa yana shan laima yana fitarwa, yana ɗan kumbura yana ɗan tsukewa. Yaɓen siminti mai ƙarfi ba ya bin sa, sai ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya zauna tsakanin yaɓe da bulo yana narkar da fuskar ƙasar, gara kuma ta samu inuwa da danshi. Ƙa'idar magina ce tun da daɗewa: yaɓe kada ya fi bangon da ke ɗauke da shi ƙarfi, shafin sama kuma kada ya fi na ƙarƙashinsa.

Na ce wa maso a ɗakunan nan biyu so nake a yi kwaɓi mai farar ƙasa: siminti awo 1, farar ƙasa awo 2, yashi awo 9. Ya dube ni ya ce, “Malam, a rage siminti? Gobe a ce tsohon nan ya ci kuɗin marayu.” Na ce, “Baba, ni na nema, ni zan amsa wa duk mai tambaya.” Damuwarsa gaskiya ce. A garin nan yawan siminti ake auna amanar magini da shi, don an sha ganin masu rage shi su sayar. Amma a kan bulon ƙasa ba ƙarfi ake nema ba, abin da zai zauna lafiya da ƙasar ake nema. Da muka zauna sai ga shi ya fi ni sanin kwaɓin, ya ce da shi ya koyi aiki a wurin maigidansa, mutane ne suka daina tambaya. Ya ƙara da cewa ya fi daɗin cokali, ba ya saurin kamewa a hannu.

Tunda rabi ya sauka, muka yanke a sauke sauran na ɗakunan biyu gaba ɗaya. Faci iri biyu a bango ɗaya wata tsagar ce a gaba.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Gindin bangon arewa yana da danshi har tsawon kamu biyu, da farin gishiri da ke fitowa yana cin yaɓe. Mun zagaya waje muka ga sanadi: wurin wanke-wanke a jikin bangon yake, ƙasar tsakar gida kuma an yi ta ciko har ta fi daɓen ɗaki tudu. An matsar da wurin wanke-wanke, an kwashe cikon, an yi wa ƙasar gangare zuwa kwata. Gishirin da busasshen buroshi ake share shi. In aka wanke da ruwa narkewa yake ya koma ciki, ya sake fitowa daga baya. Za mu bar gindin a buɗe iska ta yi aikinta. An kuma yi wa hanyoyin gara magani.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Mai wayar wuta ya yi nasa yau: ya fasa hanyoyin bututu, ya dasa akwatunan soket da makunni. Dole ya riga maso, in ba haka ba sabon yaɓe za a dawo a fasa. Na roƙe shi ya bar bakin akwatunan a waje daidai kaurin yaɓen da za a yi.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Yashi ya iso daga Binuwai. Kafin a sauke na ɗebi kaɗan a kwalba, na zuba ruwa da ɗan gishiri, na girgiza na ajiye. Yashi yana fara kwanciya, laka ta biyo baya ta zauna a samansa, sai a auna kaurinta. In ta wuce kashi 8 cikin 100 na tsawon yashin, bai dace da yaɓe ba, domin laka tana shan ruwa da yawa, tana bushewa ta tsuke, yaɓe ya tsattsage. Namu ya tsallake. An tankaɗe shi kashi biyu, mai tsakuwa-tsakuwa na shafin ƙasa, mai laushi na sama.

Siminti mai lamba 32.5 muka saya, ya ishi yaɓe. Na matsa kowane buhu da hannu, wanda ya yi dunƙule na mayar, alamar ya sha laima a ajiya. Farar ƙasar ta Figil ce, kan hanyar Marwa, inda dutsenta yake; can masana'antar siminti ta CIMENCAM take, a garin kuma ake gasa farar ƙasar. Wadda aka riga aka kashe da ruwa na nema, ba ɗanyar da ke tafasa in ta ji ruwa ba. Ko ita ma tana cin fata, ta shiga ido kuwa babbar magana ce, don haka na sayo safar hannu da tabarau. Maso ya jiƙa ta a ganga tun yau don ta yi laushi.

Alamomin da muka liƙa a tsagar taga suna nan lafiya. Za mu ci gaba da dubawa.

Litinin, 2 ga Disamba

A falo an sassare tuddan da ke da jan alli, sannan aka bi duk inda sabon kwaɓi zai hau da bakin guduma, aka yi masa ƙananan sara kusa da kusa don ya samu abin kamawa. Tsagogi an buɗe bakinsu da cizal, an share ƙura, an jiƙa, an cike. Doguwar da ke mahaɗar gini biyu an ɗora mata raga, ta haura santimita 15 kowane gefe.

A ɗakunan ƙasa an goge garin da ke fuskar bulo, an ƙwaƙule tsakanin bulo da bulo kaɗan, aka shimfiɗa ragar kaji mai rufin tutiya aka kafe ta da dogayen ƙusoshi. Baƙar raga ta fi araha, amma tsatsa za ta yi a cikin yaɓe ta kumbura ta fasa shi. Ruwa kuma yayyafi kawai ake yi wa bulon ƙasa, ba a shayar da shi.

Sai watsin farko. Kwaɓi ne mai ruwa-ruwa, a falo siminti 1 yashi mai kaushi 2, da ɗan farin gam na siminti a ruwan. Ba shafawa ake yi ba, da ƙarfi ake watsa shi da cokali ya manne, a bar shi da kaushinsa. Na ɗakunan ƙasa da kwaɓinsu mai farar ƙasa aka yi. Lebura ya ɗauki talosh, faifan da ake murza yaɓe da shi, zai lallashe shi, maso ya ce, “Kai yaro, bar shi! Kaushin nan shi muke nema.” Za a bar shi kwana biyu ana yayyafa masa ruwa.

Alhamis, 5 ga Disamba

Yau na ga inda gwanintar tsohon nan take. Ya manna ɗan dunƙulen kwaɓi a saman bango kusa da kusurwa, ya saki igiya mai dalma, ya manna wani a ƙasa daidai da shi. Ya yi haka a ɗaya kusurwar. Sannan ya ja zare tsakaninsu, ya jera wasu dunƙulen a tsakiya, tazarar da ba ta kai tsawon sandarsa ba. Daga nan ya haɗa na sama da na ƙasa da siririn layin kwaɓi. Waɗannan layukan su ne sabuwar fuskar bango. Gobe in sun kama, za a cike tsakaninsu, a ɗora sanda a kan layi biyu a ja ta sama ana karkaɗawa, ta yanke abin da ya yi yawa, ta nuna inda ya gaza. Wanda ya tsallake wannan matakin, ido da hannu kawai ya dogara da su, kuma haka aka samu bangon da muke gyarawa yanzu.

Mun ɗan ja a kan bangon gabas. Shi yana so a miƙar da shi sarai, wanda zai sa yaɓen ya kai santimita 4 a gefen ƙofa. Ni ina ganin nauyin ya yi wa bulon ƙasa yawa. Muka tsaya a tsakiya: an ɗan fafe tudun tsakiya, an bar bangon ya ɗan kishingiɗa yadda ido ba zai kama ba, amma fuskarsa a miƙe. Mafi kaurin wuri ya dawo santimita 2 da rabi, kuma shafi biyu za a yi masa. Shafi ɗaya ba ya wuce milimita 15, in ya wuce nauyinsa yana janye shi ƙasa tun yana ɗanye.

Asabar, 14 ga Disamba

Shafin ciko ya hau ko'ina, an karce fuskarsa don na sama ya kama, ya huta mako guda. Jiya da yau aka yi na sama, siriri, da yashi mai laushi, aka murza da talosh na katako. Na falo siminti 1 yashi 4 ne a ƙasa, 1 da 5 a sama. Da bokiti ake awo, ba da shebur ba, don shebur ɗin safe da na yamma ba ɗaya ba ne.

Abu biyu na sa wa ido. Kwaɓin da ya fara kamewa a ƙasa ba a ƙara masa ruwa a sake juyawa, ƙarfinsa ya riga ya tafi. Gara a riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan. Na biyu, barbaɗa busasshen siminti a fuskar yaɓe don ya yi sheƙi. Yana burge mai gida a ranar, amma shi ke kawo siraran tsagogin nan, kuma anduwi ba ya kama fuska mai sulɓi.

Hunturu ya shigo sosai, hazo ya rufe gari, leɓe na tsagewa. Wannan iskar ita ce abokiyar gabar sabon yaɓe. Mutane da yawa sun ɗauka bushewa ke sa siminti ƙarfi, alhali ruwa ne. Haɗuwarsa da ruwa ke sa shi ƙanƙara, in ruwan ya gudu da wuri aikin ya tsaya a rabi, sai ka goga yatsa yashi ya zubo. Mun rufe tagogi da tsofaffin buhunan algarara da aka jiƙa, ana ba bangon ruwa bayan Asuba da bayan La'asar, kuma haka za a yi har kwana 7. Na ɗakunan Inna feshi mai laushi yake so, domin farar ƙasa da iska take ƙanƙara, a hankali, tana buƙatar danshi ba jiƙa ba. Duk da haka gara yanzu da Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40. Ran da famfo bai kawo ba, wurin masu kura muke saye.

Asabar, 21 ga Disamba

An gama ban ruwa. Mun kara sanda a ko'ina. Wuri ɗaya a bayan ƙofar falo ya ba da milimita 7, maso ya gyara ba tare da na yi magana ba. Na ƙwanƙwasa, babu fanko.

Yaya ya ga hoto ya ce a kira mai fenti ranar Litinin. Na ce sai yaɓen ya cika kwana 28 aƙalla. Sabon siminti yana da kaifi irin na kanwa mai ƙarfi, yana cin fenti, ya dusar da kala, fentin mai kuwa ya mai da shi danƙo. Ga kuma ruwan da ke ciki, wanda in aka rufe shi zai nemi hanya ya kumbura fentin. Ya ce, “Wata guda gida a zaune ba a komai?” Na ce ana komai: kafinta zai gyara ƙofofi da tagogi, a gyara silin, duk aikin da zai jijjiga bango a gama shi yanzu.

Talata, 14 ga Janairu, 2025

Jiya na manna leda mai faɗin kusan rabin mita a wurare huɗu, na like gefunanta da salatif. Yau na ɓare. In bango yana da sauran ruwa, za a ga raɓa a cikin ledar ko wurin ya yi duhu. Uku sun fito a bushe. Na gindin bangon arewa ya ɗan yi duhu, gishiri kaɗan ya sake fitowa, na share shi. Wannan gindin zai ƙara jira.

Alamomin tsagar taga, da muka bar musu gurbi a yaɓen, ba su motsa ba tun Nuwamba. An cire su, an cike, an sa raga. Na san rani kaɗai muka gwada, don haka na ɗauki hoton wurin da awonsa, zan sake dubawa a watan Agusta lokacin da ƙasa ta ƙoshi.

Asabar, 18 ga Janairu

Na yanke shawarar da na daɗe ina juyawa. Falo zai sha anduwi da fentin ruwa. Ɗakunan Inna ba za a sa musu anduwi ba, farar ƙasa za a shafa. Bayan duk wahalar da muka sha don bangon ƙasa ya samu numfashi, ba zan rufe shi da abin da zai toshe shi ba. Ƙanwata ta ce za a ce mun yi wa falon baƙi ado mun bar uwarmu da kayan da. Na kai maganar gaban Inna, na bayyana mata dalili. Ta ce, “Ni ɗakin da ba ya wari da damina nake so, ɗan nan. Ku yi abin da zai daɗe.”

A falo an goge yashin da ke tsaye a fuskar yaɓe da dutsen gurza, an share, an shafa ruwan da ke ɗaure ƙura ya rage wa bango shan ruwa. Mai fentin nan na farko shi na kira, kuma hannunsa yana da kyau ƙwarai. Na duba buhun anduwin da kaina: na cikin ɗaki mai haɗin fi'ofi ba ya jure laima, don haka kamu biyu na ƙasan bango da gefen taga mai haɗin siminti aka sa. Shafin farko siriri, har ana hango yaɓen ta cikinsa.

Asabar, 25 ga Janairu

Shafi na biyu ya hau, an ja shi ta gicciyen na farko. Gugar samfefa da lamba 120 aka fara, aka gama da 180, a naɗe a jikin katako mai faɗi. Da tafin hannu kawai in aka goga, yatsu suna tona ƙananan kwari da ba a gani sai fenti ya hau.

Dubawar gaskiya da dare ake yin ta. Bayan Isha'i na kashe ƙwan ɗaki, na kwantar da tocila a jikin bango haskenta na bin fuskarsa. Duk layin wuƙa, duk ɗan rami, inuwarsa tana fitowa. Na bi da fensir ina zagayewa, ba da biro ko maka ba, don tawadarsu tana ɓullowa ta cikin fenti. Bangon da ke fuskantar tagar yamma na fi tsananta wa, shi rana ke haska wa a karkace kullum La'asar. Saboda wannan ma na ce fentin ya zama marar sheƙi, domin mai sheƙi yana tona duk abin da ya rage.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ɗakunan Inna sun sha farar ƙasa shafi biyu. Ana dama ta da ruwa-ruwa, a tace, a ɗan yayyafa wa bango ruwa, a shafa da babban buroshi, a bar kwana guda tsakanin shafi da shafi. Tana ɗanya sai ka ce ba a shafa komai ba, lebura har ya so ya ƙara mata kauri, maso ya hana. Tana bushewa take yin fari. Mai kauri ita ce ke tsagewa ta riƙa goge wa mutane riga. Saura shafi biyu.

Gwajin leda a gindin bangon arewa ya fito a bushe wannan karon.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An share ƙurar falo da ɗanyen tsumma, fentin share fage ya hau jiya. Da ya bushe wasu ƙananan ramuka suka bayyana kusa da akwatunan soket, an cike su, an goge, an sake taɓa wurin. Na kara sanda karo na ƙarshe tare da maso, babu inda ya wuce milimita 4. Na cika masa kuɗinsa, na kuma gaya masa in Allah ya kai mu bayan Sallah akwai yaɓen waje na bangon arewa, da kwaɓin nan mai farar ƙasa.

Inna ta zaɓi ruwan ƙwai mai haske wa falo, Yaya ya turo kuɗin fenti. Ranar Litinin mai fenti zai fara da silin, sannan bango shafi biyu. Kafinta zai maida ƙofofi ranar Alhamis, sai wankin daɓe da kwaso kaya.